Shekarar da Hannuna Ya Fara Rawa

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, Shi da Ya ara mini kwana har na ga jikoki a wannan ƙasa ta Bahiya, hayin babban teku. Idan kun ga rubutun yana karkacewa ku yi haƙuri, za ku ji dalili a gaba. Musa, Hajara, Isufu, ku nake yi wa wannan babi. Na ji abin da kuke faɗa a tsakaninku, cewa da ba don mahaifiyarku ba da yanzu kuna Ikko ko ma Katsina, wai ita ta riƙe mini ƙafa. Na kuma san abin da tsofaffin 'yan dako ke faɗa a bakin tashar jiragen ruwa, wai kwalaben Bature ne suka ɗauke mini hankali har na manta gida. Mahaifiyarku Benta ta riga mu gidan gaskiya, ba ta nan balle ta kare kanta. Saboda haka zan ba ku labarin shekarar yadda ta kasance, tun ina da sauran hankalina.

Kun san ban daɗe da fara tsiron gemu ba aka sauke ni a wannan gari, cikin jiragen ƙarshe kafin a hana kawo bayi. A jirgi ɗaya muka zo da Yaya Tanko, mutumin ƙasar Zazzau. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba, amma ban san wani ɗan'uwa ba bayansa. Shi ya riƙa tauna mini abinci a cikin jirgi lokacin da bakina ya kumbura. Shi ya koya mini ɗaukar buhu a Komersiyo, unguwar kasuwanci ta bakin ruwa, da yadda ake haura tudun nan zuwa garin sama ba tare da gwiwa ta mutu ba. Da muka sami 'yancin kanmu, shi ya zama shugaban 'yan dakon kusurwar titin da muke jiran kaya, ni kuwa Allah Ya kai ni gidan sabulu da kyandir na unguwar Itapajipe. Da farko ganga nake mirginawa. Daga baya masanin haɗe-haɗen gidan, wanda kowa ke kira Dotor, ya jawo ni ɗakin gwaji. Shi kuwa Jowakin yake kirana, sunan da aka laƙaba mini a coci ranar da aka sayar da ni.

Aikin da nake yi sai na bayyana muku shi, don ba ku taɓa ganin tsohuwar hanyar ba. Sabulu da mai da ruwan toka ake yin sa. Idan ruwan tokar ya yi ƙarfi da yawa, sabulun zai cinye hannun matan da ke wanki a bakin rafi, fata ta tsattsage har jini. Idan ya yi rauni, tukunya guda ta lalace, ta ƙi daskarewa. Don haka kowace ganga sai an gwada ta. Akwai wani bututun gilashi mai tsawon kamu guda, an yi masa tsaga-tsaga a jiki, yana da siririn baki a gefe kamar na buta. A cika shi da wani ruwan tsami mai kaifi wanda Dotor ya haɗa, ya san ƙarfinsa. A auna ruwan toka a kofi, a ɗiga masa rini shuɗi. Sai hannun dama ya karkata bututun a hankali, ɗigo na sauka ɗaya bayan ɗaya, hagu yana juya kofi. Da zarar shuɗi ya juye ja sai ka tsaya cak, ka miƙe bututun, ka duba tsagar da ruwan ya sauka. Ita ke gaya maka ƙarfin tokar. Duk aikin a wuyan hannu yake. Na yi shekaru ina yin sa, kuma ina jin daɗinsa, don mutumin da ya saba a ɗora masa kaya a ka ba ƙaramin abu ba ne a ce an tsaya ana jiran ya faɗi abin da ya gani.

A shekarar da nake ba ku labari, wato ba da jimawa ba bayan an ce duk ɗan da baiwa ta haifa daga yanzu ɗa ne, zazzaɓi ya kwantar da ni da damina. Na tashi, amma hannuna na dama bai tashi da ni ba. Rawa yake yi. In na so ɗigo ɗaya sai uku su zubo, kofi ya yi ja wur kafin in ankara, sai in zubar in sake. Ban ɓoye ba. Na je na miƙa wa Dotor hannun, na ce ya gani da idonsa. Ya riƙe shi, ya juya, sannan ya ce,

"Jowakin, idonka fa?"

Na ce, "Ido lafiya lau, Dotor."

"To kada ka yi gaggawa. Akwai wani akwati da na aika a kawo mini daga Turai. Ka jira shi. Kafin nan ni zan riƙa karkata bututu, kai ka riƙa ce mini in tsaya."

Haka kuwa aka yi. Mutum mai karatu, ya tsaya yana zuba ɗigo, ni ina ce masa ya isa. Ban manta masa wannan ba.

Yaya Tanko yana zuwa gidanmu kowace Lahadi bayan azahar. Mahaifiyarku ta soya ƙosai da manja, irin wanda take sayarwa a bakin titi, ta haɗa da kifi. Ranar da ya ga ƙosai ya kuɓuce daga yatsuna ya faɗa kan tabarma, sai ya ajiye nasa.

"Salihu, wannan hannun magana yake yi maka. Cewa yake aikin ƙasar nan ya ƙare. Akwai jirgin da zai tashi zuwa Ikko bayan ruwa ya ɗauke. Na yi magana da mai shi. Ni da kai, da Benta, da yaran nan."

Tun muna kwance a cikin duhun jirgin da ya kawo mu ya sa na yi masa alkawari cewa duk ranar da hanya ta buɗe, tare za mu koma. Ina yaro na ɗauka, amma alkawari ne. Na dubi mahaifiyarku. Ku sani ita a nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin wata ƙasa ba, kuma mahaifiyarta, Iya, Bayarabiya ce da har lokacin take hannun masu ita a sansanin masunta na Itapuwa. Benta tana goge wa Hajara baki. Ba ta ɗaga kai ba ta ce,

"Yaya, inda maigida ya sa ƙafa, nan zan sa tawa."

Wannan ita ce maganarta, da kunnena na ji. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, kuma daga washegari ta fara ɗinke tufafinku na tafiya.

Ana cikin haka akwatin Dotor ya iso, cike da ciyawa. Muka fito da kayan ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwai. Sabon bututun ba a riƙe shi a hannu. A tsaye yake, an ɗaure shi a jikin sandar ƙarfe. A kan wata kanta ta katako, sama da shi, aka ɗora babbar kwalba cike da ruwan tsami, siririn tiyon roba ya sauko daga gare ta zuwa bututun. Akwai 'yan abubuwan matsi biyu na tagulla masu kama da awartaki. Ka matsa na farko, bututun ya cika kansa, ya tsaya daidai tsagar sama, abin da ya yi saura ya malale ta wata hanya. Ka matsa na ƙasa kaɗan, ɗigo ya fito ɗaya. Ka saki, ya tsaya. Babu ɗaukar kwalba a zuba, babu karkatawa, babu jiran ruwa ya koma ya kwanta. Da Dotor zai ɗaure sandar a jikin teburi, sai na ga ya juya matsin zuwa hagu, wajen lafiyayyen hannuna, ya sa katako a ƙarƙashi inda zan jingina gwiwar hannu. Bai ce mini don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Amma Dotor ba mutumin da zai yarda da abu don ya zo daga Turai ba ne. Ya ce kowace ganga sai an gwada ta sau biyu, shi da tsohon bututu, ni da sabo, har sai amsoshin sun riƙa haɗuwa. Idan ba su haɗu ba, a mayar da kayan cikin ciyawarsu. Kwanakin farko kuwa sun ƙi haɗuwa. Nawa kullum yana nuna tokar ta fi ƙarfi. Muka wanke, muka sake, abu ɗaya. Shi ya fara gano dalili guda: iska na maƙalewa a bakin bututun, a ƙarƙashin matsi, sai ta fita a tsakiyar gwaji ta ci wurin ruwa. Ya koya mini in lanƙwasa robar sama in kore ta kafin in fara. Abin ya gyaru da safe, amma da rana ta take sai ya sake karkacewa. Kantar da babbar kwalbar take tana kusa da rufin kwano, tana shan zafi. Na ce mu sauko da ita gefen inuwa mu lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma yadda ake yi wa randa. Ya ce mu gwada, abin kuwa ya yi. Sai kuma roba ta fara tsagewa saboda zafin ƙasar nan, muka koyi canza ta kafin ta tsufa.

A nan ne zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk tsawon makonnin nan zuciyata biyu ce. Idan sabon bututun ya ƙi, to shi ke nan, ba ni da aiki, ba ni da abin ciyar da ku, tafiya ta zama dole, babu wanda zai ce na zaɓa. Idan kuwa ya yi, to zama ya yiwu, kuma dole in buɗe baki in ce ga abin da nake so. Ina gyara robar nan da iyakar ƙoƙarina, ina kuma tsoron ranar da za ta gyaru. Ranar ta zo. Muka yi ganguna tun safe har la'asar, duk wadda ya faɗi tsagarta, ni ma ita na samu, kuma ina gama uku kafin ya gama ɗaya. Dotor ya wanke tsohon bututun, ya naɗe shi a ƙyalle, ya sa a aljihun teburi.

"Ya cika kansa, ya tsaya da kansa," in ji shi, "amma ba ya ganin launi. Wannan sai kai. Na ji ana cewa za ka tafi Afirka. Ba zan hana ka ba, Jowakin, ƙasarka ce. Amma idan ka zauna, wurin nan naka ne muddin idonka na gani."

A makon ne muka tafi Itapuwa don Benta ta yi sallama da Iya. Tun asuba muka kama hanya, muka bar ku wajen maƙwabta. Mun same ta a bakin ruwa tana fere kifi, an jibge mata kwando ya fi ta tsayi a zaune. Bayanta ya riga ya lanƙwashe, yatsunta duk gishiri ya cinye. Ta share wuƙa a zane, ta zaunar da mu a gindin kwakwa. Ni na faɗi abin da ya kawo mu. Iya ta saurara har na gama, sannan ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu.

"Ku tafi. Ni an raba ni da uwata ba a tambaye ni ba, ke ga shi har kin zo sallama. Ki kai mini jikokina inda ba wanda zai tambaye su takardar 'yanci a kan hanya. Ɗana, ka riƙe ta da kyau."

Na ce, "Iya, ke fa? In ƙarfi ya ƙare, wa zai duba ki?"

Ta yi 'yar dariya ta ce, "In ƙarfi ya ƙare ai 'yanta ni za su yi. Haka suke yi. Akwai matakalar coci, ana samun inuwa."

Na san matakalar da take nufi. Kullum ina wuce tsofaffin da aka sallama suna zaune a kai da ƙwarya a gabansu. A hanyar dawowa mahaifiyarku ba ta yi kuka ba. Tana gaba ina baya, ina kallon yadda take taka rairayi kamar wadda ta ɗauko dutse. Kafin mu hango gari na riga na yanke. Da muka iso gida na ce mata mun fasa, Dotor ya ba ni wuri na dindindin, ba zan bar aikin da na sha wahalar gyarawa ba. Ban ambaci Iya ba, don na san halin Benta. Da ta ji saboda ita ne, da ta ɗauki abin a ka har kabari. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "To, maigida," ta je ta kwance ƙullin tufafinku. Ko ta gane ko ba ta gane ba, ba mu taɓa tayar da zancen ba. Kun ga ashe maganar kwalaben Bature daga bakina ta fito. Kuma ba ƙarya ce zalla ba, don da bututun nan bai yi ba, da ba ni da halin zama ko ina so.

Gaya wa Yaya Tanko ya fi komai wuya. Na same shi a kusurwarsu a Komersiyo yana saƙa hular kaba, yana jiran kaya. Na durƙusa na faɗa masa abin da na faɗa wa Benta. Ya ci gaba da saƙa kamar bai ji ba.

"Salihu, da bakina na ciyar da kai."

"Na sani, Yaya."

"Ka ce mini tare."

"Na ce."

"Yanzu kwalba mai cika kanta ta fi maka kabarin ubanka? Wa zai yi maka salla in ka mutu a nan? Mu nawa muka rage? Yaran nan ko gaisuwa ba su iya ba sai da harshen masu bulala."

Na so in gaya masa gaskiyar duka, amma na san zai je ya sami Benta ya lallashe ta, ita kuma ta ce mu tafi, ta bi mu da rabin rai. Sai na sha faɗan. Ranar da jirgin zai tashi muka raka shi dukanmu. Musa, kai ka isa tunawa, ya ɗaga ka sama ya tofa maka addu'a a ka. Ya sa wa Hajara albarka, ya ce wa mahaifiyarku Allah Ya saka mata da alheri kan ƙosanta. Da ya zo kaina na miƙa hannu, hannun yana rawa a tsakaninmu, sai ya gyara ƙullinsa a kafaɗa ya sauka cikin kwalekwale. Na tsaya har jirgin ya fita daga bakin gaɓa. Daga ranar ban sake samun wanda zan ce wa ka tuna kaza a gida ya ce ya tuna ba. Tsofaffinmu suka yi ta raguwa, har ya zama in ina son jin Hausa sai in yi wa kaina a ɗakin gwaji ina juya kofi.

Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban ce kaɗan ba ne. Amma ku ji abin da aka ba ni. Da gwaji ya yi sauri, masu yin ruwan tsami na girki da masu rini suka fara aiko da nasu a duba musu, aiki ya ƙaru maimakon ya ragu, na ci abinci da idona shekaru masu yawa bayan hannu ya ƙi. Maganar Iya kuma ta tabbata. Damina biyu ko uku bayan haka suka ce ta 'yantu, ta kama gabanta. Ba ta kwana a matakalar kowa ba. Ni na je na ɗauko ta a kan jaki. Isufu, kai a bayanta ka yi wayo, ita ta yaye ka, ita ta riƙa ɓoye maka ƙosai a gefen zane. Ta rasu da hantsi a ɗakin da Hajara take kwana yanzu, kanta a cinyar 'yarta, ana ba ta ruwa da cokali. Da aka gama binne ta mahaifiyarku ta zo ta durƙusa a gabana, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "Na gode, maigida." Na ce na me? Ta ce, "Na gode dai." Ina gode wa Allah da Ya nuna mini wannan rana. Ina gode wa Dotor, wanda ya koma ƙasarsu ya mutu can, Allah Ya san abin da zai yi da mutum irinsa. Ina gode wa mahaifiyarku da ta yarda ta bar uwarta saboda ni ba tare da na roƙa ba. Kada in sake jin wani cikinku ya ce ita ta hana ku ƙasa. Ni na zaɓa, idona biyu.

Labarin Yaya Tanko ban ji shi ba sai da furfura ta gama cin kaina. Wata rana ina zaune a ƙofar gida sai ga wata Bayarabiya mai fataucin goro da zannuwa tsakanin Ikko da nan, tana tambayar ina Salihu na gidan sabulu. Ta ce ta san wani tsoho Bahaushe a Ikko, yana sayar da hula a bakin kasuwa. Bai ƙarasa Zazzau ba, ƙafa ta hana shi, amma ya sami masallaci da mutanensa, kuma su suka yi masa salla da ya rasu. Kafin rasuwarsa ya sa ta haddace wata magana da harshensa, ya yi ta maimaita mata har ta zauna, ya ce kada ta faɗa da Yarabanci, ta kawo ta yadda take. Ita ba ta san ma'anarta ba. Ta gyara tsayuwa, ta rufe ido kamar mai karatu a gaban malami, ta faɗa da karyayyen harshe:

"Salihu, na huce. Ka gai da Benta. Allah Ya haɗa fuskokinmu."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce don Allah ta ƙara sau ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Baba, lafiya? Mugun labari ne na kawo?" Na ce mata a'a, 'yata, zauna ki sha ruwa. Na leƙa cikin gida na kira mahaifiyarku, na ce ta fito, Yaya yana gaishe ta.